Inabin Kudan, Giyar Sisili da Alhakin Mai Sayarwa

Shekarun baya, inabi a Zariya abin marmari ne na masu hali. Sai an je duba marar lafiya a asibitin Shika ko an halarci walimar wani babba ake ganinsa, shi ma a 'yar roba mai tambarin Afirka ta Kudu ko Masar. Yanzu kuwa, daga tsakiyar hunturu zuwa shigowar zafi, mutum yakan tarar da shi jibge a faranti da baro a bakin Ƙofar Doka da sauran mashigan birni, kuma na gida ne. Daga Kudan da Hunkuyi yake fitowa, arewa da Zariya, inda manoma suka kakkafa turaku suka ja waya a sama, kurangar ta hau ta yi rumfa, 'ya'yan suna lilo curi-curi a saman kan mai wucewa.

Wannan arziki ya zo da ciwon kansa. Inabi nuna yake yi kusan a lokaci guda, ba ya jure ajiya, ɗakunan sanyi kuma sun yi ƙaranci. Manomin da ya yi wata da watanni yana sassabe da ban ruwa da feshi yakan wayi gari da kayan da dole ya rabu da su cikin 'yan kwanaki, ko da ɗan kasuwa ya taya da araha. Duk wanda ya san kasuwar inabi ta duniya kuwa ya san cewa wajen rabin abin da ake nomawa matsewa ake yi a yi giya. To, in wata rana mai saye ya tsaya a bakin gona da babbar mota da kuɗi hannu, ya ce zai kwashe duka, manomin kuma ya san inda za a kai, me addini ya ce masa? In bai sani ba fa, amma yana zato? Kuma in zato ya isa ya hana ciniki, me ya sa bai isa ya hana shukar tun farko ba?

Tambayar tsohuwa ce, kuma amsarta tana nan a zaurukan karatu na cikin ganuwa, a Kona da Juma da Kakaki, inda ɗalibi yake tashi daga Ahalari ya hau Ishmawi da Iziyya da Risala, har Allah ya kai shi Muhtasar. Abin da ba kowane ɗalibi yake lura da shi ba shi ne, wasu daga cikin malaman da yake jin sunansu kullum 'yan ƙasar inabi ne, daga tsibirin da a yau ake yi wa kirari da jar giya.

Tsibirin shi ne Sisili, wanda Larabawa ke kira Sikilliya, a kudancin Italiya, tsallaken teku daga Tunisiya. Fitaccen jan inabinsa shi ne Nero d'Avola, wanda ya ɗauki sunan garin Avola da ke kudu kaɗan da birnin Sirakusa. Baƙi ne wuluk in ya nuna, yana son rana da ƙasa mai ƙarancin ruwa, kuma babu jan inabin da ake shukawa a tsibirin kamarsa. Shekara da shekaru 'yan kasuwa suna loda giyarsa a jiragen ruwa zuwa Faransa da arewacin Italiya, don a gauraya da giyar can mai hasken launi ta ƙara duhu da ƙarfi. Daga baya ne mutanen tsibirin suka fara zuba ta a kwalba da sunanta. Haɗinsa da wani inabi mai suna Frappato shi ke ba da Cerasuolo di Vittoria, wadda a 2005 ta samu matsayi mafi girma a tsarin tantance giya na gwamnatin Italiya.

Yadda ake yin ta ba wani sihiri ba ne. Ana murƙushe 'ya'yan a bar ruwan tare da ɓawon, domin ruwan inabi kansa ba shi da duhu, daga ɓawo jan yake fitowa. Ƙwayoyin yis da ke manne a jikin ɓawon, ko waɗanda aka zuba, su cinye suƙarin su mayar da shi barasa. Cikin mako ɗaya ko biyu abin da yaro zai sha ya yi santi ya zama abin da ke gusar da hankalin dattijo. In aka bar shi a buɗe iska tana shiga, wasu ƙwayoyin su sake juya barasar ta koma khal. Ke nan abu guda yakan zama halal, ya koma haram, ya sake dawowa halal, duk a cikin tulu ɗaya. Shi ya sa malaman fiƙihu suka daɗe a kan inabi fiye da yadda suka daɗe a kan lemo ko ayaba.

A shekarar 827, sarkin Aglabawa Ziyadatullahi ya tura runduna daga Susa zuwa wannan tsibiri, ya ɗora mata shugaban da ba a saba gani ba: alƙalin Ƙairawan, Asad bin Furat, tsoho mai kusan shekara 70. Asad ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, ya je Iraƙi wurin almajiran Abu Hanifa, ya zauna da Ibnul Ƙasim a Masar. Tambayoyi da amsoshin da ya tattara, Asadiyya, su ne Sahnun ya sake bi ya gyara suka zama Mudawwana, uwar littattafan mazhabar Malikiyya. Rundunar ta sauka a Mazara, Asad kuma ya rasu a 828 yana kewaye da Sirakusa, wato a daidai yankin da Nero d'Avola yake tsiro a yau. Palermo ta shiga hannu a 831, Sirakusa sai 878, garin Noto kuma, maƙwabcin Avola, shi ne na ƙarshe da ya fita daga hannun Musulmi a 1091.

A cikin gabatarwar Muhtasar, Shehu Halil ya ambaci malamai huɗu da yake dogara da zaɓinsu: Lakhami, Ibn Yunus, Ibn Rushd da Mazari. Biyu daga cikinsu tsibirin ne asalinsu. Ibn Yunus, wanda ya rasu a 1059, da Basikille ake masa laƙabi. Imamu Mazari, wanda ya rasu a 1141 bayan ya rayu a Mahdiyya, an jingina shi ne ga Mazara, inda jiragen Asad suka fara tsayawa. Duk sanda malami a zauren birnin Zazzau ya ce wannan rinjayarwar Ibn Yunus ce, wancan kuma faɗar Mazari ce, muryar mutanen tsibirin inabi ce take fitowa da harshen Hausa.

Fiye da shekara 200 Musulmi suka yi suna mulki a can, da alƙalansu da masallatansu. Ibn Hauƙal da ya ziyarci Palermo a 973 ya ƙirga mata masallatai wajen 300. Sun haƙa magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, sun yaɗa noman rake da auduga da lemon tsami. Amma kurangar inabi ba su kawar da ita ba. Ana cin ɗanye, ana shanya zabibi, Kiristocin tsibirin suna matsa nasu, wasu Musulmin ma suna saɓo su sha, kamar yadda waƙoƙin Ibn Hamdis ɗan Sirakusa suke nunawa. Malamai sun san duk wannan, ba su kuma ce a sare gonaki ba.

An samu masu mulkin da suka yi tunanin sarewar. Marubutan tarihin Andalus sun ruwaito cewa halifa Hakam na biyu, wanda ya mulki Kurɗuba daga 961 zuwa 976, ya ƙudura tumɓuke inabin ƙasar baki ɗaya saboda shaye-shaye, sai mashawartansa suka nuna masa cewa mutane za su koma yin ta da ɓaure, ya haƙura. A Masar kuwa, Hakim bi Amrillahi na Faɗimawa ya aikata: wajen 1011 ya sa aka sare gonakin inabi a Giza, aka hana cinikin zabibi. Giya ba ta ƙare a Masar ba, kuma har yau ana lissafa wannan cikin abubuwan ban al'ajabi na mulkinsa.

Wanda ya tsara hujjar a tsanake shi ne Imamu Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285. Malikawa sun shahara da ƙa'idar toshe kafa, wato hana halal in zai zama hanyar haram. Sai Ƙarafi ya nuna a littafinsa Furuƙ cewa kafofin iri uku ne. Akwai wadda kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rijiya a tsakiyar hanyar jama'a. Akwai wadda malamai suka yi saɓani a kanta, kamar wasu nau'o'in cinikin bashi da ke iya zama riba a fakaice. Akwai kuma wadda kowa ya yarda ba a toshe ta, misalin farko da ya kawo a nan kuwa shi ne noman inabi: babu malamin da ya hana shi don tsoron giya, kamar yadda babu wanda ya hana mutane maƙwabtaka don tsoron alfasha. Dalili a fili yake. Amfanin tabbatacce ne kuma mai yawa, ɓarnar kuwa tana hannun wani mutum daban wanda bai ma zo ba tukuna.

Alƙur'ani da kansa ya bi wannan layi. Ya ambaci inabi cikin ni'imomin duniya da na Aljanna. A Suratun Nahli ya ambaci abin maye da arziki mai kyau a matsayin abubuwa biyu da mutane ke samu daga dabino da inabi. Hanin giya ya zo daki-daki, a Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida ta yanke. Ranar da aka yanke, Anas bin Malik yana shayar da baƙi a gidan Abu Ɗalha, aka umurce shi ya tuntsurar da tulunan, giya ta kwarara a lungunan Madina. Yawancinta ta dabino ce, amma ba a ji an sare dabino ko ɗaya ba.

Wannan ba ya nufin manomi ya sami lasisin wanke hannunsa. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya jero mutum goma da tsinuwa ta hau kansu a sha'anin giya, daga mai matsa da wanda aka matsa dominsa, zuwa mai dako da mai sayarwa da mai cin kuɗin. Mai shuka ba ya cikin jerin. Amma malamai sun duba suka ga cewa wanda ya miƙa inabinsa ga wanda ya san matsawa zai yi ya riga ya sa ƙafa a cikin sahun. Malikawa da Hambalawa sun haramta wannan ciniki. Shafi'awa sun haramta shi in an tabbata, ko da yake suna ganin cinikin ya ƙullu. Abu Hanifa ya sassauta, bisa hujjar cewa saɓon ba a jikin ruwan inabin yake ba, sai bayan ya canja a hannun wani. Manyan almajiransa biyu ba su bi shi a kan haka ba.

Nasa'i ya kawo labarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas da ya yi kama da halin da ake ciki a Kudan har abin mamaki. Gonakinsa sun yi 'ya'ya fiye da kima, wakilinsa ya rubuto masa cewa yana tsoron asara, yana neman izini ya matse su. Sa'ad ya mayar da amsa cewa ya bar masa gonarsa, ya kuma sallame shi daga aiki. Ya zaɓi asarar. Irin wannan tsantseni na manya ne, kuma dole mutum ya girmama shi. Sai dai Sa'ad mai dukiya ne da zai iya ɗaukar asarar kaka guda. Manomin da ya ci bashin taki da waya da injin ban ruwa, yana da iyali goma a wuyansa, ba a yi masa adalci ba in abin da kawai za a ba shi shi ne wannan labari.

Abin da ya fi dacewa da shi yana cikin Muwaɗɗa. Lokacin da Sayyidina Umar ya je Sham, mutanen ƙasar suka kai masa kukan annoba da nauyin iskar wurin, suka ce jikinsu ya saba da abin shansu na inabi. Ya ce su sha zuma, suka ce ba ta yi musu. Sai wani mutumin ƙasar ya ce zai iya yin wanda ba ya bugarwa. Aka dafa ruwan inabi har kashi biyu cikin uku ya ƙone, aka kawo. Umar ya tsoma yatsa ya ɗaga, abin ya biyo yatsan yana yauƙi, ya ce ya yi kama da kwaltar da ake shafa wa raƙuma, ya ba su izinin sha. Ubada bin Samit ya yi masa magana cewa ya halatta abin da aka hana. Umar ya musa, ya sanya Allah shaida cewa shi ba zai halatta abin da aka haramta ba, ba kuma zai haramta abin da aka halatta ba. Halifa bai tsaya ga hani ya juya baya ba. Ya zauna har aka samo wa mutane mafita, ya gwada ta da hannunsa. Wannan dafaffen ruwan inabi har gobe ana yin sa a Sham da Turkiyya, haka ma a ƙauyukan Sisili, inda ake zuba shi a kayan zaƙi.

Ga Bazazzagi, mas'alar ba ta tsaya ga inabi ba, ta ma fi daɗewa a rumbunsa. Da dawa ake yin tuwo da kunu, da ita kuma ake yin burkutu. Ba a taɓa jin malamin da ya hana noman dawa ba, amma kowane ɗan kasuwar hatsi ya san bambancin matar da ta zo auna tiya biyu da wadda aka san sana'arta ta zo da buhu. Lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka koma kan dawar arewa, ciki har da ire-iren da masana suka inganta a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Daga tsiron dawar nan ake yin giya, daga shi kuma ake yin lemon malt da ake rabawa a wurin suna da ɗaurin aure. Manomin da ya kai buhu biyar kasuwar Giwa ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa mai tara kaya, shi kuma ya cika tirela, bai san inda dawarsa za ta kwana ba, shari'a kuma ba ta ɗora masa bin tirela. Musulunci bai ce a titsiye kowane mai saye da tambaya ba; asali a kyautata zato.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakiyar sarƙar. Mai tara kayan da ya sa hannu a takardar kwangila ya ga sunan kamfani, ya san ƙofar da motarsa za ta shiga. Malaman da suka rubuta waɗannan hukunce-hukunce suna magana ne a kan kasuwar da mai sayarwa yake kallon idon mai saye. Kasuwar yau tana da hannu biyar ko shida tsakanin gona da masana'anta, kuma wannan tsawo ya buɗe wata sabuwar dabara: mutum ya tsara harkarsa yadda ba zai taɓa sani a hukumance ba, ya sa yaro a tsakani, ya ce shi dai kaya ya sayar. A ganin mai wannan rubutu, wannan ba jahilci ba ne da ake yi wa uzuri. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya sanya sayar da inabi ga mai matsa giya cikin abin da zato mai rinjaye ya isa ya hana, ba sai an jira yaƙini ba. Wanda ya kawar da kai da gangan yana da wannan zaton a zuciyarsa, shi ya sa ma ya kawar da kan.

Irin wannan hukunci ya fi ciwo a wani wurin da ba gona ba. Maganin tari mai kodin halal ne ga mai tari, har gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi a 2018 bayan ya cinye matasa da matan aure. Sholisho kayan aikin mai faci ne. Mai shagon da yaro ɗan shekara 15 yake zuwa wurinsa kullum da yamma, idanu jajur, ba shi da keke balle taya, ya san abin da yake sayarwa. Ba ya bukatar ya karanta Furuƙ kafin ya gane a wane kaso yake.

Saura maganar khal, domin nan ma akwai kasuwa. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka, Annabi (SAW) kuma ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Amma da Abu Ɗalha ya nemi izinin mayar da giyar wasu marayu khal, an hana shi, aka ce ya zubar. Daga nan saɓani ya taso a kan juya ta da gangan: Hanafawa sun halatta, Shafi'awa da Hambalawa sun hana, a Malikiyya kuma an ruwaito fiye da magana ɗaya. Wanda zai kafa masana'antar khal daga ruwan inabi a ƙasar Zazzau yana bukatar ya zauna da malamai da masana kimiyya a tebur guda tun kafin ya sayi injin, domin ruwan ba ya zama khal sai ya ratsa ta barasa, ko da na ɗan lokaci ne. Lemon inabi kuwa ba shi da wannan matsala. Tun 1869 wani Ba'amurke mai ƙyamar giya, Thomas Welch, ya nuna cewa in aka ɗumama ruwan inabi aka kashe yis ɗin aka rufe kwalba, zai zauna da zaƙinsa ba tare da ya juye ba. Don cocinsa ya yi, amma dabarar ta kowa ce.

Hukuncin dai a fili yake: noman inabi a Kudan halal ne tsantsa, faɗaɗa shi alheri ne, sayar da shi ga wanda aka san ko aka fi zaton giya zai yi haramun ne a mazhabar da ake karantarwa a birnin Zazzau. Amma fatawa ita kaɗai ba ta hana inabi ruɓewa. Malamai su kai wannan babi na ciniki kan mumbari da harshen da manomi da dillali za su gane. Attajiran Zazzau kuma, waɗanda ba sa ƙyashin gina masallaci, su sa kuɗi a ɗakin sanyi, da wurin shanya zabibi, da injin matsar lemo a Hunkuyi da Kudan, kafin wani mai saye ya riga su isa bakin gonar.